Tafkin Chadi ya ƙafe ne ko yana dawowa? Yadda tauraron ɗan'adam ke auna ruwa daga sama

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Maiduguri. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa Tafkin Chadi ya ragu da kashi 90 cikin 100, har hotuna nake nuna musu. To kwanan nan wani abokin aiki ya ce min masu bincike sun gano tafkin ya daina raguwa, kuma su ma da tauraron ɗan'adam suka kafa hujja. Yaya abu guda zai ba da labari biyu? Ta yaya ma na'urar da ke can sama take auna ruwa? Wanne zan koya wa yara?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Abin da kake son sani shi ne ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ƙarya ce, kuma idan ba ƙarya ba ce, ina suka rabu. Ba wadda take ƙarya. Sun rabu ne a kan abin da kowacce ta auna, da watan da aka auna, da shekarar da aka fara ƙirge daga ita. "Tauraron ɗan'adam" ba na'ura guda ba ce. Masu kallon Tafkin Chadi sun kai iri biyar, kuma kowanne da abin da yake gani da abin da yake makancewa a kai.

Sai mu fara da tafkin kansa, domin siffarsa ce tushen ruɗanin. Tafkin Chadi shimfiɗe yake kamar faifai, zurfinsa a yawancin wurare bai wuce 'yan mitoci ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logone yake zuwa, waɗanda ke haɗuwa a N'Djamena bayan sun kwaso ruwan Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Komadugu Yobe, wanda Haɗeja da Jama'are ke ciyarwa, ɗan kaɗan yake ƙarawa ta arewa. Babu kogin da ke fita daga tafkin, rana da iska ne ke kwashe ruwa mai zurfin kusan mita 2 daga fuskarsa duk shekara. Saboda haka idan ruwa ya hau ko ya sauka da rabin mita kacal, gaɓa tana iya matsawa da kilomitoci. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1973 ya sa wani tudu da ke ƙarƙashin ruwa ya fito fili, ya raba tafkin gida biyu, kwarin kudu da kwarin arewa. Farin 1984 ya ƙara muni, har kwarin arewa, wajen Malam Fatori da Bosso da Gigimi, ya bushe ƙurmus a wasu shekarun. Kuma ba wannan ne karon farko ba. Jean Tilho, hafsan Faransa da ya yi aikin shata iyaka a yankin a farkon ƙarni na 20, ya tarar da tafkin a ƙanƙance, shi ne ma ya kasa yanayinsa uku: babba, matsakaici da ƙarami.

Inda kashi 90 ya fito

Hotunan da kake nuna wa ɗalibai, ina kyautata zaton irin na Landsat ne, jerin taurarin Amurka masu ɗaukar hoton ƙasa, watakila haɗe da hoton 1963 na wani tauraron leƙen asirin Amurka da aka fitar wa jama'a a 1995. Landsat na farko ya tashi a watan Yulin 1972, daidai lokacin da tafkin ke shirin rabuwa. Na yanzu, Landsat 8 da 9, suna shawagi a tsayin kilomita 705, suna ɗaukar zirin ƙasa mai faɗin kilomita 185, kowanne yana komawa kan wuri guda bayan kwana 16. Kowane ɗigo a hoton fili ne na mita 30 sau 30, wato murabba'in mita 900.

Irin wannan tauraro hasken ranar da ƙasa ta mayar yake kamawa, amma a rarrabe zango zango: shuɗi, kore, ja, da wani haske da ke bayan ja wanda idon mutum ba ya gani. Ruwa yana shanye wannan hasken bayan-ja kusan duka, sai ya fito baƙi ƙirin. Ɗanyen ganye kuwa yana mayar da shi da ƙarfi, sai ya fito da haske. Don haka aikin yana da sauƙi a takarda: a ware ɗigogin da suka yi baƙi, a ƙirga su, a ninka da 900, a raba da miliyan ɗaya, an sami faɗin ruwa a murabba'in kilomita. Da aka yi haka a shekarun bayan fari, sai aka riƙa samun abin da bai kai 2,500 ba. Wani bincike da Michael Coe da Jonathan Foley na Jami'ar Wisconsin suka wallafa a 2001 ya ambaci 1,350, kuma daga nan maganar ta yaɗu duniya. Ka kwatanta da 25,000, ga kashi 90 ɗinka har da ƙari.

Matsalar a nan take. Abin da wannan hanya ke ƙirgawa shi ne buɗaɗɗen ruwa, wanda ke kallon sama ba shamaki. Amma da tafkin ya ja baya, wurin da ya bari bai zama hamada duka ba. Babban ɓangarensa ya koma fadama, kacalla da sauran dogayen ciyayin ruwa suka rufe shi, wasu sun fi mutum tsayi. Mai kwale-kwale da ya ratsa ciki ya san ruwa ne a ƙarƙashinsa, sandarsa tana nutsewa har ƙugu. Landsat kuwa ganye yake gani, sai ya lissafa wurin cikin tudu. Sannan shekarar da aka ɗauka a matsayin mafari, 1963, tana cikin shekarun da tafkin ya fi cika a duk ƙarnin. An auna ƙoli da gindi, an kuma bar ruwan ciyawa a waje.

Ganin ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce awon zafi. Da tsakar rana a lokacin rani, busasshiyar ƙasar da ke kewaye da tafkin tana ɗaukar zafi ƙwarai, amma ciyawar da ƙafarta ke cikin ruwa tana zama da sanyi, kusa da sanyin ruwan kansa. Taurarin Meteosat na Turai, waɗanda ke tsaye a tsayin kusan kilomita 36,000, da na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua, suna auna wannan zafi kullum. Da masu bincike suka bi wannan hanya, sai faɗin ruwan gaba ɗaya, buɗaɗɗe da na fadama, ya riƙa fitowa sama da murabba'in kilomita 10,000 a yawancin shekaru tun ƙarshen shekarun 1990. Raunin hanyar shi ne damina. Idan an yi ruwan sama, ƙasa ta jiƙa, ciyawar tudu ta yi kore, bambancin zafin yana ɓacewa. Ɗigonta kuma yana da girma, kilomita ɗaya ko fiye, ba ta iya bin ƙananan mashigai da ke tsakanin tsibirai.

Ta biyu ita ce rada. Rada ba ta jiran rana, ita ke aika nata sigina ta saurari abin da ya dawo, kuma tana ratsa gajimare da ƙurar hunturu, dare da rana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da gajimare ke rufe shi daga Yuli zuwa Satumba, sannan ƙurar kwarin Bodele ta turnuƙe shi daga Disamba. Ruwa kwantacce kamar madubi yake ga rada, yana karkatar da siginar zuwa wani gefe, sai ya fito baƙi. Amma inda kara ke tsaye cikin ruwa, siginar tana dukan fuskar ruwan, ta daki karan, ta dawo kai tsaye wurin tauraron, kamar ƙwallon da aka buga a kusurwar ɗaki. Sai fadamar ta fito fari tas, ta fi duk abin da ke kewaye da ita haske. Sentinel-1 na Turai, wanda ya fara aiki a 2014, siginarsa gajera ce, kusan santimita 5 da rabi, idan ciyawa ta yi duhu sosai ba ta isa ga ruwan. Rada mai doguwar sigina ta kusan santimita 24, irin ta taurarin ALOS na Japan da NISAR da Amurka da Indiya suka harba a Yulin 2025, ta fi shiga cikin duhuwa. Abubuwa biyu ke yawan yaudarar mai fassara hoton rada a wannan yanki: iska mai ƙarfi tana tayar da igiyoyi, sai buɗaɗɗen ruwa ya daina yin baƙi, kuma busasshen yashi mai santsi shi ma baƙi yake fitowa, sai a ɗauke shi ruwa. Duk taswirar radar da ta nuna maka ruwa a kan tudun yashin Kanem, a nan ta yi tuntuɓe.

Awon tsayin ruwa

Wannan shi ne ɓangaren da na fi amincewa da shi idan ana maganar hawa da sauka, kuma asalinsa ba don tafkuna aka ƙera shi ba, don teku ne. A watan Agustan 1992 Amurka da Faransa suka harba TOPEX/Poseidon, sai Jason-1 a 2001, Jason-2 a 2008, Jason-3 a 2016, da Sentinel-6 a 2020, duk a kan turba guda, tsayin kilomita 1,336, suna maimaita ta duk kusan kwana 10. Da wannan jeri ne aka tabbatar cewa tekun duniya ya hau da kimanin santimita 10 tun 1993. Sa'a aka yi turbar tana ratsa kwarin kudu na Tafkin Chadi, shi ya sa muke da awon fiye da shekara 30.

Yadda yake aiki: na'urar tana harba sigina ƙasa kai tsaye, ta ƙirga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Zuwa da dawowa kilomita 2,672 ne, haske yana cinye su cikin kusan kashi 9 cikin 1,000 na daƙiƙa. Kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren santimita 15, ka ga irin agogon da ake buƙata. Sai a cire wannan nisa daga tsayin tauraron kansa, wanda ake sani ta GPS da tashoshin ƙasa da hasken leza. Sauran aikin duk gyare-gyare ne. Busasshiyar iskar sararin sama tana jinkirta siginar, har ta ƙara kusan mita 2.3 a lissafi. Tururin ruwa da ke cikin iska yana ƙara nasa, daga 'yan santimitoci zuwa kusan rabin mita, kuma shi ya fi wahala don kullum yana canzawa. A teku akwai wata na'ura a jikin tauraron da ke auna tururin, amma kusa da tudu zafin ƙasa yana rikita ta, dole a koma ga lissafin hasashen yanayi. Ƙari a kan haka, siginar tana sauka ne a kan da'ira mai faɗin kilomitoci, idan tsibiri ko ciyawa suka shiga ciki sai amsar ta gurɓata. Shi ya sa a tsakiyar teku kuskuren bai wuce 'yan santimitoci ba, a wuri irin Chadi kuwa yana iya kaiwa santimita goma ko fiye. Duk da haka ya wadatar, domin hawa da saukar shekara a kwarin kudu yakan kai mita guda ko ya zarce.

Abin da awon ya nuna shi ne ruwan kwarin kudu yana cika tsakanin Nuwamba da Janairu, bayan ambaliyar Shari ta iso, ya sauka zuwa ƙarshensa wajen Yuni da Yuli. A tsawon shekaru kuma bai ci gaba da gangarawa ba tun shekarun 1990. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga hotuna: wanda ya jera hoton Janairu na wata shekara da hoton Yuni na wata, zai iya nuna ƙafewa ko dawowa, duk wanda ya ga dama. Gibin wannan hanya shi ne layi ɗaya take aunawa, kuma tsakanin layi da layi a kusa da tsakiyar duniya ya kai kilomita 300. Awon kudu ba ya faɗa maka halin arewa, domin sai ruwan kudu ya haura tudun da ya raba su, ya kutsa ta cikin ciyawa, sannan ya isa can bayan makonni. Tauraron SWOT, da aka harba a Disambar 2022, shi ne aka ƙera don toshe wannan gibi, yana auna tsayi a kan ziri mai faɗin kilomita 120 duk kwana 21.

Akwai iri na biyar na taurarin, wanda ba ya ɗaukar hoto sam. GRACE taurari biyu ne da ke bin juna, tsakaninsu kilomita 220, daga 2002 zuwa 2017, magajinsu kuma ya tashi a 2018. Idan na gaba ya zo kan wurin da ruwa ya taru, nauyin ruwan yana jan sa, tazarar ta canza da abin da bai kai kaurin gashi ba, daga nan ake lissafa ƙaruwa ko raguwar ruwa wata wata. Da wannan ake auna narkewar ƙanƙarar Girinlan da Antatika. Ba ya bambance ruwan tafki da na rijiya da damshin ƙasa, kuma ba ya ganin abin da bai kai faɗin kusan kilomita 300 ba, don haka yankin yake aunawa ba tafkin kaɗai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2020 a mujallar Scientific Reports ya haɗa shi da sauran hanyoyin, ya samu cewa faɗin tafkin ya tsaya daram cikin shekara 20 da suka gabaci binciken, da ɗan raguwa a arewa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana ƙaruwa. Ina zaton wannan ne abokin aikinka ya ji.

Abin da ba su iya faɗa

Kada a ɗauki wannan a matsayin cewa komai ya daidaita. Tafkin bai koma na 1963 ba. Ruwan da ke ƙarƙashin kacalla ba daidai yake da buɗaɗɗen ruwa ba ga masunci ko mai jirgin kaya, kuma garuruwa irin su Baga da a da ruwa ke bakin ƙofa, bayan fari sai da aka riƙa yin tafiya kafin a kai gare shi. Babban aikin ban ruwa na Kudancin Chadi da ke Marte an tsara shi ne bisa tsayin ruwan da, ruwan ya janye ya bar magudanarsa a tudu. Babu ɗaya daga cikin taurarin nan da ke auna zurfi kai tsaye, ana lissafa yawan ruwa ne ta haɗa faɗi da tsayi. Kuma kowace hanya tana buƙatar a gwada ta da sandar awo a ƙasa, irin ta Bol da ta N'Djamena, da mutumin da zai shiga kwale-kwale ya duba. Rashin tsaro na shekarun nan ya hana wannan a sassa da yawa, kuma shi ne babban raunin duk wata taswirar tafkin ta yanzu. Abin da ya sa nake damuwa da a gyara maganar shi ne manyan shawarwari suna rataye da ita, ciki har da shirin Transaqua na jawo ruwa daga yankin Kogin Kwango ta magudana mai tsawon kilomita 2,400, wanda aka tattauna a taron Abuja na Fabrairun 2018. Tafkin da ke mutuwa da tafkin da ke hawa da sauka ba magani guda suke buƙata ba.

Ga abin da zan ba ka shawara ka koyar: buɗaɗɗen ruwan tafkin ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 1963 da tsakiyar shekarun 1980, babban dalili fari ne, kuma tun shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa ba. Idan an haɗa da fadama, ruwan ya ninka abin da hoto ke nunawa sau da yawa.

Idan kuna da kwamfuta da intanet, ɗalibai za su iya gwadawa da hannunsu, komai kyauta ne. Hotunan Landsat suna shafin EarthExplorer, manhajar QGIS kuma ta isa aikin. Ku zaɓi hotuna biyu na wata guda, Janairu da Janairu, na kwarin kudu, waɗanda ba gajimare kuma ƙura ba ta yi yawa ba. Ku guji na Landsat 7 daga tsakiyar 2003 zuwa gaba, wani sashe na na'urarsa ya lalace, hotunan suna da zane-zanen gibi da ke cinye kusan kashi 22 cikin 100. A Landsat 8 da 9, zango na 3 shi ne kore, na 6 kuma bayan-ja mai nisa. Ku sauko da hoton mataki na 2 wanda aka riga aka cire masa tasirin iska, ku ninka lambobin kowane zango da 0.0000275, ku cire 0.2. Wannan mataki ne aka fi mantawa, kuma idan aka tsallake shi duk lissafin da ke gaba ya karkace. Sannan ku cire zango na 6 daga na 3, ku raba da jimillarsu. Abin da ya haura sifili galibi ruwa ne, amma kada ku yarda da sifili ido rufe: ku duba wurin da kuka tabbata ruwa ne da wurin da kuka tabbata tudu ne, ku matsar da iyakar har ta dace. Ku tabbatar taswirar tana kan ma'aunin mita, wato UTM shiyya ta 33 ta arewa, ba digiri ba, in ba haka ba faɗin zai fito ba ma'ana. Inuwar gajimare da wurin da aka ƙona ciyawa da jiƙaƙƙiyar baƙar laka duk suna iya shiga cikin ƙirgen, sai an bi an goge su da hannu. Ɗigo 1,111 shi ne murabba'in kilomita ɗaya. Bayan kun sami adadinku, ku buɗe hoton Sentinel-1 na makon a Copernicus Browser, ku sa yara su nemo farin ziri da ke kewaye da baƙin ruwan, su kwatanta faɗinsa da abin da suka ƙirga.